Yatsun Menica

Shekara goma sha huɗu Ermete Scardovi ya yi a Serracava, amma har gobe in aka ce "ɗan kwari" kowa ya san da wa ake. Aure ya kawo shi kan dutsen. Ya auri Nerina, 'yar Zelinda ɗaya tilo, ya buɗe ɗan shagon kofi a bakin ƙofar gari, ya koyi hawan matakala ɗari biyu ba tare da ya tsaya haki a tsakiya ba. Da Nerina ta rasu, kowa ya ɗauka zai tattara komatsansa ya gangara inda ya fito. Bai tafi ba. Ya ci gaba da zama da surukarsa a gidan nan mai ɗaki uku da ke can saman gari. Shi ke ɗauko mata tukunyar gas, shi ke karɓo mata maganin gwiwa, shi ke yanke mata farcen ƙafa tun da bayanta ya daina lanƙwasuwa. Abu ɗaya yake so a duniya, kuma ba ya ɓoyewa: a ce shi ɗan gidan ne. Zelinda kuwa, tsohuwa mai baki kamar reza, ba ta taɓa faɗa ba. Shekara huɗu Nerina na kabari, amma "mijin Nerina" take kiransa.

Taku goma daga ƙofar gari, ta wajen ganuwa, akwai mutum-mutumin wata mace. Gajeriya ce, ta dutse, da ɗankwali a kanta. Tana fuskantar ƙofar, hannunta na dama a miƙe, tafin a buɗe, yatsun sun ɗan lanƙwaso sama. Ba suna a jikinta, ba rubutu. 'Yan gari Ta-Waje suke ce mata. Farkon zuwansa Ermete ya tambayi Nerina ko wace ce, ta ce tsohon abu ne, ta shiga zancen miya. Ya tambayi Quirino mai gidan burodi, Quirino ya ce, "Kofin nan naka ruwa ya yi masa yawa." Daga nan ya bar tambaya. Ya dai san sau ɗaya a shekara, ran da aka gasa burodin sabuwar alkama, Zelinda kan naɗe guda a farin tawul ta sauka da shi da safe, ta ɗora a hannun dutsen, kuma ranar ba mai sa komai a baki sai ƙararrawar tsakar rana ta buga. Ya ɗauke shi irin al'adun tsofaffi da ba su da kai ba su da gindi.

Bayan rasuwar Nerina ne motocin 'yan yawon buɗe ido suka gano hanyar Serracava. Ermete kuwa mutum ne mai surutu, ga kaɗaici ya cika masa ciki. Wata rana wata baƙuwa mai ƙatuwar hula ta tsaya a ƙofar shagonsa ta nuna mutum-mutumin ta ce, wannan fa, wace ce? Da ya ce bai sani ba, da shi ke nan. Amma ina, bakin ya riga hankalin.

"Amarya ce," in ji shi. "Angonta ya tafi yaƙi da zoben a aljihunsa. Ita ce take miƙa hannu har yau. Duk budurwar da ta ɗaura mata jan ƙyalle a yatsa, shekara ba za ta zagayo ba sai an ɗaura nata auren."

"Zawarawa fa?" in ji mai hular.

"Su wata shida ne, sun riga sun san hanya."

Aka kwashe da dariya. Tun ranar jana'iza bai sa wani dariya ba, kuma ya ji daɗin abin har cikin ƙashinsa. Washegari ya ƙara wa labarin gishiri. Kafin wata uku angon ya sami suna da farin doki. Ermete ya sayo jan ƙyalle ya yanyanka ya jera a kan kanta kusa da kofuna. Da 'yan mata suka fara rataya ƙananan kwaɗon kulle a jikin ƙyallen, da sunayensu da na samarinsu, sai ya sayo kwaɗon ma. Suna sumbatar tafin hannun su bar jan-baki. Wani ya taɓa maƙala mata sigari tsakanin yatsu ya ɗauki hoto, Ermete na tsaye yana dariya.

Ba a ce 'yan gari sun yi shiru ba. Quirino ya shigo shagon wata safiya, garin alkama fari fat a girarsa, ya ce, "Ɗan kwari, ka bar abin nan."

"Wane abu?"

"Ka sani."

"To me ya sa? Faɗa mini dalili, yanzun nan na bari."

Quirino ya daɗe yana juya cokali a kofin da babu komai a ciki. "Ka bari dai," ya ce, ya fita.

Ermete ya ce hassada ce, don baƙi sun fi tsayawa a shagonsa. Tsofaffin da ke karta a teburinsa na waje suka kwashe kartarsu suka koma shagon da ke dandali, ya ce su tafi, dama kofi ɗaya suke sha su wuni. Yakan ga mutanen gari in za su fita ƙofa sun sunkuyar da kai, maza sun cire hula, ba mai ɗaga ido ya dubi inda mutum-mutumin yake. Ya ɗauka fushi suke da shi. Bai taɓa lura haka suke yi tun ranar da ya zo ba.

A watan huɗu na wannan shekarar, ya zo buɗe shago da safe ya ga wani abu na lilo cikin tarin ƙyallen. Yatsu biyu ne, ƙaramin da na kusa da shi. Nauyin kwaɗo ya ɓalle su. Ya waiga hagu da dama, ya cusa su a aljihu. Ya gwada gam iri biyu, dutsen ya ƙi kamawa. Sai ya tura su can ƙasan aljihun tebur a shago, ya ɗauko sababbin ƙyallaye ya naɗe wurin ya yi masa ɗamri mai kyau. Ya zauna jiran ranar da wani zai gani. Wata uku ba wanda ya gani, tunda ba mai kallonta.

Ana gobe burodin sabuwar alkama, Ermete ya hau gida cin abincin rana ya tarar da Quirino a kicin, Zelinda na miƙa masa farin tawul ɗin nan a ninke.

"Gwiwar ta ƙi," take ce masa. "Bana ba zan iya matakalar ba. Kai za ka kai na gidanmu. Ka san yadda ake yi."

Quirino ya karɓa, ya ga Ermete a bakin ƙofa, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya raɓa ta gefensa ya fice ko sallama babu.

Ermete ya ajiye ledar magani a kan tebur.

"Mama, gidan nan babu mai ƙafa ne?"

"Taliyarka na cikin tukunya."

"Tambayarki nake. Shekara goma sha huɗu. Ni na ɗauki Nerina a hannuna na sauka da ita matakalar nan zuwa motar asibiti. Burodi guda ne zai gagare ni?"

"Ba nauyinsa ba ne."

"To mene ne? Kin kira mutumin waje ya ɗauki abin gidanmu, ina zaune."

"Quirino ba mutumin waje ba ne. An gaya masa."

"An gaya masa me?"

"Abin da ake gaya wa kowane ɗa a garin nan in ya shekara bakwai. Sau ɗaya, a bakin ƙofa, kakarsa ta gaya masa, ba a sake ɗaga zancen. Ba a gaya wa baƙo."

"Ashe baƙo ne ke yanke miki farce."

Wannan ta shige ta. Ta dube shi sama da ƙasa, ta jawo kujera da sandarta ta ce ya zauna. Ta ce ya rufe taga tukuna.

"Sunanta Menica," in ji Zelinda. "Ba amarya ba ce, uwar 'ya'ya uku ce, mijinta ya mutu. Shekarar annoba, shekara ɗari uku da wani abu ke nan, aka rufe ƙofar garin nan aka ce ba shiga ba fita. Ciwon na can kwari yana kashe mutane kamar ƙudaje, mu muna sama lafiya lau. Alkama akwai a rumbu, amma gidan niƙa yana ƙasa a bakin rafi. Aka ci dafaffiyar alkama har hanjin yara ya fara ƙin ta. Sai aka ce wani ya sauka ya niƙo. Maza duk suka zama masu ciwon ƙafa. Menica ta ce a ba ta alfadarai biyu. Ta ce abu ɗaya take roƙo, in ta dawo a buɗe mata. Aka yi mata alkawari a gaban coci, gari duka."

Ta tsaya ta gyara zaman gwiwarta.

"Kwana uku ta yi. Ta niƙa da hannunta, don mai niƙan ya riga ya mutu. Ta hauro da buhu takwas. Ta buga ƙofa. Aka leƙo ta saman ganuwa aka ce ta ɗaura buhunan a igiya tukuna, a janye su, sannan a buɗe. Ta ɗaura. Aka janye ɗaya bayan ɗaya, har na takwas. Sai aka janye igiyar."

"Ba a buɗe ba?"

"Aka ce wa ya sani ko ta ɗauko ciwon. Ta ce to ta ji, kada a buɗe, za ta zauna a nan har a ga lafiyarta. Amma a jefo mata ɗan abin da za ta ci. Ranar aka kunna tanda. Ka san yadda ƙanshin tandar Quirino ke kaiwa har ƙofa in iska ta juyo? A wurin tandar take tun lokacin. Menica na tsaye tana shaƙar burodin garin da ta niƙo. Ta miƙa hannu. Ba wanda ya jefo."

"Don me? Jefa burodi ai ba ya kawo annoba."

"Ka ga tambayar da kowane yaro yake yi ke nan. Don in ka hau ganuwa ka jefa, sai ka ga fuskarta. In ka ga fuskarta, sai ka buɗe. Kowa ya zauna a gidansa yana cewa maƙwabci zai jefa. 'Ya'yanta aka kulle su a ɗaki don kada su ji tana kiransu. Ta kira mutane da sunayensu, gida gida. Kwana tara. Alfadaran suka gudu, ta sha ruwan sama a tafin hannu. Ran na goma aka ji shiru. Da aka buɗe aka duba jikinta, ko ƙurji ɗaya babu. Lafiyarta ƙalau, mijin Nerina. Yunwa ce."

Taliyar ta huce a tukunya. Wani ƙuda na ta bugun gilashin taga.

"Mabuɗin ƙofar," in ji Zelinda, "a gidan nan yake rataye. Kakan kakannina ne mai gadin ƙofa. Shi ya sa burodinmu ne ake ɗora mata a hannu, na sauran gidaje a kwando a ƙafarta, a ba matafiya. Kuma ba mai ci sai ya zauna a hannunta har tsakar rana. Ba tsafi ba ne, ba neman tsari ba ne. Kunya ce kawai. Muna kai mata abin da muka hana ta."

Ermete ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar dandali. Farin dokin ya faɗo masa a rai, da zancen zawarawa, da sigarin. Da muryarsa, yadda yake sirantar da ita yana kwaikwayon amarya. Shekara uku yana tsaye a gaban mace da yunwa ta kashe yana ba mutane dariya da hannun da ta miƙa. Tsohuwar nan kuma tana ji, kullum ta zuba masa abinci.

"Me ya sa ba ku hana ni ba?" in ji Ermete.

"An hana ka. Ka ce a ba ka dalili. Wa zai tsaya a shagon kofi, gaban baƙi, ya ce mu ne muka karɓi gari muka janye igiya? Mun gwammace ka yi ta haukanka. Wannan ma laifinmu ne, halinmu ke nan tun asali, kowa na jiran maƙwabci."

"Zan gyara, Mama. Daga gobe gaskiyar zan riƙa gaya musu. Zan sa a rubuta a allo, duk wanda ya zo..."

Ta buga sandarta a ƙasa. "Ka gama sayar da ƙarya, yanzu kunyarmu za ka jera a kanta kusa da kofuna? Su ɗauki hoto su ce wayyo, su shiga mota su tambayi inda za a ci abinci? Ba don haka na gaya maka ba. Ka nema ne, na ba ka. Ka riƙe bakinka kamar kowa."

A nan ya kamata ya faɗi zancen yatsun. Ya buɗe baki ma. Ya dubi hannuwanta a kan sanda, duk sun kumbura, ya kasa. Ya tashi ya ce shago na jiransa.

Da yamma ya ari babban almakashin ƙarfe wurin makanike ya fita ƙofa. Ya yanke kwaɗo ɗaya bayan ɗaya, suka cika bokiti biyu. Ya warware ƙyallayen, wasu sun ruɓe sun manne da dutsen. Ya kawo ruwan ɗumi da sabulu da burushi ya goge jan-bakin da ya shige cikin layukan tafin. Masu wucewa suna wucewa kai a ƙasa, ba wanda ya ce masa sannu, ba wanda ya dubi abin da yake yi. Da ya gama, hannun ya fito tsirara da yatsu uku. Ya ɗauko dutse daidai girman burodi ya ɗora don gwaji. Ya mirgine ta gefen da babu yatsu ya faɗi. Ya sake, ya sake faɗuwa. Ya yi tunanin tokare shi da waya, ya yi tunanin siminti, ya yi tunanin motar ƙarfe shida da ke sauka kwari. Kai, har ya tsaya ya karanta allon lokutan motar.

Washegari da hantsi gari ya sauko. Ba kiɗa, ba waƙa, ba limamin coci a gaba. Mutane ne kawai cikin kayan zuwa coci, kowane gida da burodinsa, suka tsaya ciki da wajen ƙofa, idanu a ƙasa. Ermete na laɓe a bakin shagonsa, wanda bai buɗe ba. Quirino ya fito gaba, ya cire hula, ya warware farin tawul. Ya miƙa burodin ba tare da ya ɗaga kai ba, yadda ya ga Zelinda na yi shekara da shekaru, ya ɗora ya saki.

Burodin ya faɗi a ƙura.

Quirino ya ɗauka ya hure ya goge da tawul, kunnuwansa jajir. Ya ɗauka hannunsa ne ya yi rawa. Ya sake ɗorawa a hankali. Wannan karon burodin ya mirgine ya bi gangara, sai da wata mata ta tare shi da ƙafa, ta kuwa yi saurin janye ƙafar kamar ta taka wuta. Sai a lokacin mutane suka ɗago, ɗaya bayan ɗaya, ba da son ransu ba. Suka ga hannun. Wata tsohuwa ta rufe bakinta da gyale.

"'Yan iskan baƙin nan ne," wani ya ce daga baya.

Ƙofar tsira ke nan a buɗe, kuma Ermete ya gan ta sarai. In ya yi shiru kawai, sai a zagi baƙi, a watse. Amma sai ya ratsa mutane har gaban Quirino, ya sa hannu a aljihu ya fito da yatsun biyu da ya ɗauko daga shago tun daren jiya, da busasshen gam a gindinsu.

"Ba baƙi ba ne," ya ce. "Ni ne. Kwaɗon da na sayar ne suka karya su. Tun watan huɗu suna aljihun teburina."

Ba wanda ya zage shi. Da sun zage shi da ya fi masa sauƙi. Quirino ya dubi yatsun, ya dubi burodin da aka dawo masa da shi, ya ce a hankali, "To yanzu ya za a yi? Dole ya zauna har tsakar rana. A hannunta, ba a ƙasa ba."

Ermete ya shimfiɗa tawul ɗin a ƙafarta ya ajiye yatsun a kai. Ya karɓi burodin ya ɗora a tafin dutsen, ya tara nasa hannun ta gefen da ya karye, yatsunsa biyu a inda nata suke da. Burodin ya zauna.

Mutane suka tsaya jim. Sai matar da ta tare burodin ta matso ta sa nata a kwando ta juya. Saura suka biyo, gida gida, suka ajiye suka koma ciki. Kafin rabin awa wurin ya watse, sai shi da ita.

Hannun Menica ya kai masa kafaɗa, don tana kan dakali. Kafin awa ɗaya damtsensa ya fara zugi. Ya tallafe gwiwar hannun da ɗayan. Rana ta haura ganuwa ta sauka masa a ƙeya. Can iska ta juyo daga cikin gari da ƙanshin tandar Quirino, cikinsa ya yi ƙugi, don tun taliyar jiya da bai ci ba bai sa komai a baki ba. Awa biyu kacal ya yi a tsaye, shi da ya san ƙararrawa za ta buga; ita kwana tara. Ya kasa ƙarasa tunanin.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya motar baƙi ta tsaya a ƙasan gangara. Ya manta sam da ita. Suka hauro da hulunansu da wayoyinsu, wata matashiya a gaba tana jan wani dogon matashi da hannu, tana ɗaga masa ɗayan hannun tun daga nesa.

"Sinyor Ermete, ka gane ni? Bara na zo, na ɗaura ƙyalle. Ka ga, ya yi aiki." Ta nuna zobe. "Na ce sai na kawo shi ya gode wa amarya. Ina ƙyallayen? Wannan burodin fa, wani sabon abu ne? Mu ma za mu iya riƙewa?"

A bakin ƙofa mutanen gari sun fara taruwa jiran ƙararrawa. Kowa na ji.

"Ba amarya ba ce," in ji Ermete. "Ƙarya na yi miki. Babu ango, babu doki, babu zobe. Ni na ƙirƙira a shagon can don in sayar da ƙyalle."

Murmushinta ya tsaya a rabi. "Amma ai na yi auren."

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Ba ita ta yi miki ba."

"To wace ce?"

Labarin na nan a bakinsa, cikakke, kuma ya san da ya faɗa da sun yi kuka sun yafe masa nan take. Ya haɗiye shi.

"Ba zan iya faɗa ba," ya ce.

Angon ya ja matarsa yana gunaguni, wai dama ya faɗa mata duk 'yan damfara ne. Wani mai gajeren wando ya ɗaga waya ya ɗauki hoton Ermete yadda yake, gumi na bin haɓarsa. Suka shige gari neman wurin cin abinci, kuma ba za su samu ba sai tsakar rana.

Bayan shigarsu ne mutanen ƙofa suka dare. Quirino da makanike suka fito ɗauke da kujerar kicin, Zelinda a kai, sandarta a cinya. Matakala ɗari biyu suka sauko da ita. Suka dire ta kusa da dakalin. Ta sa hannu ta ɗauki yatsun daga kan tawul, ta juya su, ta kankare gam ɗin da farce.

"Wata uku," in ji ta. "Kana zuba mini magani a cokali, waɗannan na aljihun teburinka."

"Eh, Mama."

"Jiya ma da na gaya maka, ka tashi ka ce shago."

"Eh." Idonsa ya cika, ba hannun da zai share. "Zan nemo mai gyara daga birni. Akwai masu aikin dutse, suna sa ƙarfe a ciki, ko alama ba za a gani ba."

"Ba wanda zai taɓa ta. Mun gaji da abin da ba a gani." Ta naɗe yatsun ta cusa a aljihun rigarta. "Waɗannan gida za su."

"To burodin fa? Ba zai zauna ba."

"Ga shi ya zauna."

Ta juya wajen Quirino ta miƙa hannu, ya ɗauko tawul ɗin ya ba ta. Ta kakkaɓe ƙurar ta ninke shi huɗu a cinyarta.

"Na gode, Quirino. Badi ba sai ka wahala ba. Gidanmu yana da mai kaiwa."

Abin da ya shekara goma sha huɗu yana jira ke nan, an faɗa a gaban gari duka. Ya zaci ranar da zai ji shi zai yi tsalle. Bai ji daɗi ko kaɗan ba, sai kunya da ta ƙara danne shi, tasa da ta gidan gaba ɗaya.

"Badi ma haka zan tsaya?" ya tambaya.

"Badi, da wadda ke bin ta."

"Har yaushe, Mama?"

"Mu shekara ɗari uku muna yi, ban ji wanda ya tambaya ba."

Ta ce wa makanike ya matsar da kujerarta cikin inuwar ganuwa, a nan za ta jira. Saura minti arba'in ƙararrawa ta buga. Ermete ya gyara tsayuwa, ya ƙara tallafe gwiwar hannunsa, don burodin ya fara zamewa.